Daren Bonane a wani gida na Bukoki: yadda petar ta cinye kiwon wata dattijuwa

Lamarin ya faru ne a wani gidan haya da ke unguwar Bukoki a Yamai, a daren 31 ga Disamba, wanda ƴan birni ke kira Bonane. Cikin ɗan lokaci a tsakar dare wata dattijuwa mai kiwon turka ta yi asarar babban ragonta. Bayan kwana biyu tunkiyarta ta yi ɓari. Karen wani mai gareji da ke bakin lungu ya ɓace, wani saurayi a gidan kuma ya wayi gari ƴan shilarsa sun sandare. A daren ba wanda ya ɗaga sanda ya doki ko ɗaya daga cikin dabbobin nan. Yara ne suka yi wasan petar, ƴan kayan wasan wutan nan masu fashewa, a lungu, kamar yadda ake yi a unguwanni da yawa a wannan dare.

Aikina duba lafiyar dabbobi ne, kuma ni aka kira da safe. Na rubuta wannan domin masu kiwo a cikin gari da kuma iyayen yara, saboda irin wannan asara tana maimaituwa amma da wuya ka ga an bi kadinta. Ban ambaci sunan kowa ba. Dattijuwar zan kira ta Inna, yadda kowa a gidan ke kiranta.

Gidan da yadda aka ɗaure dabbobin

Inna mutuniyar Adar ce. Mijinta ya yi shekaru yana sayar da albasar Galmi a Yamai kafin rasuwarsa, ita kuma ta ci gaba da zama a ɗakuna biyu da suke haya, da jikoki a gabanta. Sana'arta ita ce ta dubban mata a garin nan: idan ta ɗauki adashe bayan kaka sai ta aika a sayo mata rago a kasuwar Turaku, ta yi ta ɗura masa dusa da harawa da burgu da ɗan kanwa har Layya ta zo. Ribar ragon ce kuɗin haya na watanni, ita ce kayan lakkal na yara. A wannan shekara tana da raguna biyu, babban balami fari da wani ƙarami, sai tunkiya uda mai ciki wata huɗu da ƴan kwanaki. Tunkiya kan haihu ne a wata biyar, wato saura ƙiris.

Wurin da take ɗaure su shi ne zuciyar lamarin. A gidan haya ba a ba mai dabba tsakiyar gida. Kusurwa ake ba ta, can nesa da ƙofofin mutane saboda wari da ƙuda. Kusurwar Inna tana jikin katangar da ta raba gidan da lungu, katangar bulo da ba ta fi tsayin mutum ba. A bayanta ne daidai samarin unguwa ke shimfiɗa tabarma suna shan shayi. Kowace dabba da turkenta, guntun ƙarfe da aka kafa a ƙasa, an ɗaure ta a ƙafar gaba da igiyar nailan, ɗaurin zarge, irin wanda idan aka ja yake ƙara shaƙewa. A samansu akwai rumfar kara, a kan rumfar kuma an jibge harawar da ta saya da araha lokacin girbi. Ƙarshen Disamba ne, komai ya bushe ƙayau, iskar hunturu na kaɗawa.

Ba sakaci ba ne. Haka kusan kowa ke ɗaure ragonsa a Yamai, kuma a duk sauran dararen shekara ɗaurin bai taɓa cutar da komai ba.

Abin da ya faru

Tun bayan isha'i ake jin fashe-fashe nan da can. Mutanen gidan sun ce dabbobin sun daina tuƙa, sun miƙe tsaye, kunnuwa a sama, amma ba su yi wani abin tashin hankali ba. Da sha biyun dare ta cika sai garin ya ɗauka gaba ɗaya, masu tashi sama su watse da launi, da masu ƙara kawai. A lungun su Inna yara suka kunna nasu a jere, wasu kuma suka shiga gasar wa zai fi cilla tasa sama. Aƙalla uku sun faɗa cikin gidan.

Jikarta babba ce ta fara fitowa. Ta ce ta tarar da babban ragon yana zabura yana faɗuwa, igiya ta miƙe tsam, yana komawa baya yana sake zabura. A zabura ta uku ko ta huɗu aka ji ƙas. Tunkiyar ta kewaye turkenta har igiya ta naɗe mata ƙafafu biyu, ta faɗi a kan gefenta, ƙaramin ragon kuma yana tattaka ta yana neman hanyar fita. Wani maƙwabci ya yanke igiyoyin da wuƙa. Wani kuma ya hango hayaƙi a kan rumfa ya watsa bokitin ruwa, Allah ya taƙaita abin.

Abin da na tarar da safe

Ragon yana kwance, numfashi sama-sama. Ƙashin ƙafar gaba ya karye a ƙasa da gwiwa, daidai saman inda igiyar ta ci, kuma tsinin ƙashin ya huda fata ya fito, ga turɓaya da kashin tumaki sun shiga raunin tun cikin dare. Da ɗan tunkiya ne mai karaya a rufe, da sai a yi masa ɗori da ƴan sanduna, cikin makonni ya warke sarai. Amma rago mai nauyi irin wannan, da ƙashi a waje, a kan ƙasa, ƙafar ruɓewa za ta yi kafin ta haɗe. Ko da an kashe kuɗin allurai ya tsira, da ɗingishi zai tashi, kuma kowa ya san gurguwar dabba da gurguntarta ta bayyana ba ta isa layya. Ragon da aka yi wa kiwo domin Layya, idan ya rasa wannan, ya rasa rabin darajarsa.

Na gaya mata gaskiya. Ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta ce, "To ɗana, a kira mahauci tun yana da rai."

Mahaucin ya san ba ta da zaɓi, ya kuma saya a yadda ake saye daga wanda ba shi da zaɓi. Bayan fiɗa ya dawo yana ƙorafi wai naman ya yi duhu, ya yi tauri, ba zai kai gobe ba. A nan bai yi ƙarya ba. Dabbar da ta kwana cikin firgici da zafin ciwo tana ƙone sukarin da ke ajiye a tsokarta. Idan aka yanka ta a haka naman ba ya yin ɗan tsamin nan da ke sa shi ja da laushi, sai ya fito baƙi-baƙi, a bushe, kuma ya fi saurin lalacewa. Masu mayanka a ko'ina sun san wannan, shi ya sa ake barin dabbar da ta sha doguwar tafiya ta huta kafin wuƙa.

Tunkiyar a ranar ba ta nuna komai ba sai ƙujewa a ƙafafu da kumburi a gefen ciki. Abin da ya dame ni shi ne ta ƙi cin abinci. An ba ta dusa ta kau da kai, an ba ta harawa ta sunsuna ta bari. Na ce a riƙa ba ta ruwan sukari kaɗan-kaɗan, a nemo mata ɗanyen ganye, a kuma raba ta da ragon. A rana ta biyu da dare ta zubar da ƴaƴa biyu, sun yi gashi, ba rai.

A nan dole mai duba dabba ya yi taka-tsantsan, domin ba kowane ɓari ne za a ɗora wa petar ba. Akwai cututtukan da ke sa tumaki ɓari a ƙasar nan, wasunsu kuma suna kama mutum. Akwai bakkale, wadda ake ɗauka ta ɗanyen nono da taɓa mahaifa. Akwai zazzaɓin Rift, wanda ya ɓarke a yankin Cintabaraden na jihar Tawa a 2016 ya kashe mutane da dabbobi, kuma alamarsa ta farko a garke ita ce ɓari ya yi yawa a lokaci guda. Saboda haka na hana yara kusantar wurin, na ce a sa leda a hannu a kwashe ƴaƴan da mahaifar a binne da zurfi, kada a jefa wa karnuka, kada kuma a sha nononta. Akwai ɗakin binciken dabbobi na ƙasa, LABOCEL, a nan Yamai, inda ake gwada jini domin irin waɗannan cututtuka, kuma duk wanda ya ga ɓari ya wuce na tunkiya ɗaya a garkensa can ya kamata a nufa.

Amma a wannan lamari abin da na gani ya karkata ne ga daren. Ba zazzaɓi a jikinta, ba wata dabba a lungun da ta yi ɓari kafin nan ko bayan nan, kuma ta sha haihuwa lafiya a hannun Inna. Sannan abubuwa uku sun haɗu a kanta. Ta faɗi an tattake mata ciki. Ta daina ci, alhali tunkiya mai tagwaye a watan ƙarshe ba ta jure yunwar ko da kwana ɗaya ko biyu: ƴaƴan na zuƙe sukarin jininta, jiki ya koma narka kitse, gubar da ke fitowa daga nan ta taru, ita ce cutar da kan kwantar da tumaki masu tsohon ciki. Na uku, tsoro mai tsanani yana sa jiki ya saki sinadarin kotisol, kuma a tumaki wannan jinsin sinadari ne ke buɗe ƙofar naƙuda. Likitocin dabbobi ma da allurar irinsa suke jawo haihuwa idan buƙata ta taso. Ko ɗaya daga cikin ukun ya isa.

Me ya sa ƙara ke yi musu haka

A wurin sulhun da aka yi daga baya gaban mai unguwa an yi ta maimaita wata magana: ai dabbobin Yamai sun saba da hayaniya. Gaskiya ne. Ragon Bukoki yana jin kabu-kabu da injin niƙa da janareto da lasifika, yana jin jirgi na sauka a filin Diori Hamani, ko kunne ba ya kaɗawa. Amma sabo yana zuwa ne da abin da ke maimaituwa kullum, ya taso a hankali, ya wuce bai cutar ba. Ko tsawa tana da ƴan rakiya: hadari ya haɗu, iska ta taso, ƙamshin ruwa ya zo, dabba ta nemi mafaka kafin a fara. Petar ba ta da sallama. Shiru ake, sai fashewa, da walƙiya, da warin ƙibiritu, daga wurin da ba a zata ba, sannan a sake ba tare da wani tsari ba. Ba a saba wa abin da ke zuwa dare biyu ko uku a shekara.

Ga kuma ƙarfin ƙarar. A ma'aunin ƙarfin sauti, wato desibel, hirar mutane tana wajen 60. Daga 85 zuwa sama, idan aka daɗe ana ji, kunne na fara lalacewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ƙara mai fashewa ta wuce 140 ga babba, 120 ga yaro. Manyan kayan wasan wuta kuwa a kusa suna kai 150 har su wuce. A lungu mai katanga hagu da dama, da rufin kwano a sama, ƙarar ba ta da inda za ta watse, dawowa take. Kunnen dabba kuma ya fi namu: mutum ba ya jin sautin da girgizarsa ta wuce sau 20,000 a daƙiƙa, kare yana jin fiye da ninkin haka, kyanwa ta fi kare. Fiton da masu tashi sama ke yi kafin su fashe yana da sashen da mu ba mu ji, su suna ji.

Amma ƙarar ba ita ta karya ragon ba. Tunkiya dabba ce da Allah bai ba ta makami ba sai gudu da cusa kai cikin ƴan'uwa. A daji, idan abu ya fashe, garke ya zabura ya yi ɗan nisa ya tsaya ya waiga, shi ke nan. Ɗaurin turke yana hana ta duka biyun. Ƙarfin da za ta yi gudu da shi sai ya ƙare a kan ƙafa ɗaya da igiyar nailan wadda ba ta tsinkewa. A gidajen da aka kira ni bayan irin waɗannan darare, raunin kusan kullum na igiya ne, ko na kwano mai kaifi, ko na katanga, ko na mota a kan kwalta. Ƙonewa da wutar kanta ba ta cika faruwa ba.

Kare da tantabaru

Karen mai gareji ba a ɗaure yake ba, gadin motoci yake da dare. Ya bi ta ƙarƙashin ƙofa ya fita. Kare da ya firgita gudu yake ba ya duban gabansa, yana haki, harshe a waje, yawu na dalala, ba ya amsa kira. A unguwar da ba a san shi ba, wannan siffa sunanta ɗaya: mahaukacin kare. Kuma ba za ka ga laifin mutane ba, tunda cizon mahaukacin kare na nan a ƙasar, kuma idan alamunsa suka bayyana a jikin mutum ba a tsira. Bayan kwanaki wani yaron gareji ya gano shi a kwance cikin kwalbati, an fasa masa ido ɗaya da dutse. Ya rayu. Amma mai garejin ya ce tun daga nan ko salansar mota ce ta yi tari sai ya shige ƙarƙashin tsohuwar mota ya ƙi fitowa, wato gadin ma ya tashi aiki. Tsoron ƙara a kare ba ya raguwa da kansa, ƙaruwa yake daga shekara zuwa shekara.

Saurayin mai tantabaru ya jera tukwane da akwatuna a saman ɗakinsa. Tantabara ba ta tashi da dare domin ba ta gani sosai, amma a daren nan duk sun watse. Wasu sun dawo da asuba, wasu ba su dawo ba, ɗaya an tsince ta a gindin waya da karyayyen fiffike. Ƙwan da ake kwanci a kansu sun huce, ƴan shilar da ba su yi gashi ba kuma sanyin asuba ya gama da su.

Wannan ɓangare shi ne aka fi yin bincike a kansa a waje, domin tsuntsaye ana iya ganinsu da na'ura. A ƙasar Holan masana sun duba radar hasashen yanayi suka ga cewa da tsakar daren sabuwar shekara dubban tsuntsaye na tashi lokaci guda, suna hawa har wajen mita 500, alhali a sauran darare suna kwance a kan ruwa. An buga wannan a 2011. Wani bincike na 2022 da ya bi dinyoyin daji 347 da aka maƙala wa na'urar bin sawu a arewacin Turai ya nuna a wannan dare suna yin tafiya mai nisa fiye da ƙa'ida, suna rasa barci, kuma kwanaki bayan haka suna ƙara kiwo domin mayar da ƙarfin da suka ɓata. A garin Beebe na jihar Arkansas a Amurka, a daren ƙarshe na 2010, dubban tsuntsaye suka zubo matattu a kan tituna da rufin gidaje. Binciken gawarwakin ya nuna karo suka yi da gine-gine da wayoyi bayan ƙara ta tashe su cikin duhu. An ga irin haka a Roma a farkon 2021. Yamai kuwa gari ne a bakin kogi. Disamba lokaci ne da tsuntsayen Turai ke hunturu a kwarin Isa, wato kogin Neja, da tafkuna irin na Tabalak, ga balbelu da jemagu a itatuwan gari, ga namun dajin gidan tarihi na Boubou Hama a tsakiyar birni cikin keji, inda ba gudu.

Da safe na ga awakin unguwa suna tsintar ɓawon petar a lungu. A cikinsa akwai ragowar albarushi, wato gawayi da ƙibiritu da gishirin naitiret, masu launi kuma da ƙarafa irin su bariyom mai ba da kore da sitirontiyom mai ba da ja. Bariyom guba ne, naitiret kuma idan ya yi yawa a tumbin dabba mai tuƙa yana hana jini ɗaukar iska. Ɓawo ɗaya ko biyu da suka riga suka ƙone ba za su kashe akuya ba, leda ta fi su kisa nesa ba kusa ba. Wanda bai fashe ba shi ne abin tsoro, ga kwikwiyo da kuma yaro mai rarrafe. A share lungu da sassafe, magana ta ƙare.

Gaban mai unguwa

Inna ba ta so kai ƙara ba. Ƙanen mijinta ne ya matsa, aka taru a ƙofar gidan mai unguwa bayan la'asar, da liman, da iyayen yara uku da aka tabbatar suna lungun. Wanda ya fi magana a cikinsu wani Alhaji ne mai shago.

"Ranka ya daɗe," in ji shi, "ban musa yarana na wurin ba. Amma daren nan daga Harobanda har Talaje ba inda bai ɗauka ba. Wace petar ce ta karya ragon, ta ɗana ko ta ɗan wani? Kuma a gaya mini gaskiya, yarana ne suka karya shi ko igiyarta?"

Inna ta gyara lulluɓi ta ce, "Alhaji, da akuyata ce ta shiga shagonka ta fasa buhun masara, za ka tsaya tambayar wane haƙori ne ya tauna?"

Aka yi dariya, amma maganarta ta taɓo ainihin matsalar. Idan dabba ta yi wa mutum ɓarna, mun san hanya tun kaka da kakanni: a kama ta, a je a ga gona, a ƙiyasta, a biya. Dokar karkara ta 1993 da dokar makiyaya ta 2010 sun zo sun ƙarfafa wannan, har suka sa sulhu gaban sarakunan gargajiya ya zama matakin farko. Amma idan mutum ne ya yi wa dabba ɓarna ba tare da ya taɓa ta ba, sai kowa ya ce tsautsayi ne, Allah ya mayar da alheri. Ba wai doka ta yi shiru ba ne: ƙa'idar da ke cikin dokar farar hula ita ce wanda laifinsa ya jawo wa wani asara ya biya, kuma iyaye na ɗaukar alhakin ƴaƴansu ƙanana da ke gabansu. Sai dai wace dattijuwa ce mai zaman haya za ta kai maƙwabcinta mai shago kotu a kan rago, alhali gobe wurinsa za ta karɓi bashin sabulu?

Da aka tambaye ni, na ce maganar Alhaji a kan igiya tana da gaskiya, ɗaurin zarge ne ya karya ƙashin. Amma na ajiye musu ɓawon petar uku da jikar Inna ta tsinto a cikin garken, da damin harawa da gefensa ya ƙone. Ƙarar gari daban, abin da aka cillo ta kan katanga ya fashe a tsakanin ƙafafun dabba daban. Tun isha'i ragon ke jin ƙarar gari, tsayuwa kawai ya yi. A ganina a nan alhakin ya rabu: na farko kowa ya yi haƙuri da shi ya kuma shirya masa, na biyu kuwa akwai mai shi.

Liman bai yi dogon wa'azi ba. Ya tuna musu lokacin da wasu sahabbai suka ɗauke wa wata tsuntsuwa ƴaƴanta a kan hanyar tafiya, ta zo tana ta kaɗa fiffike a kansu, Annabi (SAW) ya tambayi wanda ya tayar mata da hankali, ya ce a mayar mata da su. Ya ce idan tayar da hankalin tsuntsuwa abin tambaya ne, to a auna na tunkiya mai ciki. Ya kuma ƙara da abin da ya fi shiga kunnen mazan wurin: da harawar nan ta kama sosai da iskar daren, ba maganar rago za a zauna yi ba.

An tashi a kan iyayen uku su haɗa kuɗi su cike mata giɓin da ke tsakanin abin da ta sayi ragon da abin da mahauci ya ba ta. Dusa da harawar da ya ci, da ribar Layya, da tagwayen da aka binne, ba su shiga lissafi ba. Alhaji ya biya kasonsa a wurin, yana nanata cewa don zumunci ya bayar. Mai gareji da ya ɗago maganar karensa, dariya aka yi masa, har wani ya ce yanzu kuma kare ma diyya gare shi. Mai tantabaru ko zuwa bai yi ba.

Abin da aka canza a gidan

Inna ta roƙi mai gidan ya bar ta ta mayar da garken jikin katangar ciki, ya yarda bayan ja-in-ja da sauran ƴan haya. An kewaye wurin da tsofaffin katakai yadda a daren hayaniya za a kwance dabbobin a bar su tare a sake, domin tumaki a cunkushe da juna sun fi natsuwa. A sauran ranaku ana ɗaure su da igiyar auduga mai kauri, ƙulli marar zargewa, da tsumma a ƙarƙashi. Harawa ta sauka daga kan rumfa ta koma ƙarƙashin kwano. Na ce mata a daren 24 da na 31 ga Disamba ta ba su abinci tun kafin magariba, mai ciki kuma a shigar da ita madafa a rufe, a kunna rediyo, wanda suka san muryarsa ya zauna kusa. Mai gareji yanzu yana kulle karensa a ɗakin kayan aiki tun da rana, mai tantabaru ya yi wa akwatunansa ƙofofi yana rufa musu buhu.

Abu ɗaya na hana su duka: ba dabba maganin mutane wai don ta yi barci. Na ji masu cewa a jiƙa tiramol ko ƙwayar barci a ruwa. Farasitamol kaɗai yana kashe kyanwa. Ko a cikin magungunan dabbobi akwai wanda ke kashe jiki ya bar tsoron yadda yake, dabba na jin komai amma ba ta iya motsi, shekara mai zuwa abin ya fi muni. A Turai tun 2015 akwai maganin da aka yi musamman domin karnuka masu tsoron ƙara, wanda ake shafawa a dasashi, amma wannan sai da likita, kuma ba shi ne matsalar Bukoki ba.

Wanda ya rage ba a warware ba shi ne na biki. Bonane ranarsa sananniya ce, ana iya shirya mata. Amma yanzu ana kunna petar a rakiyar amarya, da daren Salla, da ranar da ƙungiyar ƙwallon da samari ke goyon baya ta ci wasa a Turai. Mai unguwa ya ce duk gidan da zai yi biki da wasan wuta ya aika yaro ya sanar da masu dabbobi a lungun tun da rana. A bukukuwan da aka yi bayan nan, gida biyu sun aiko. Sauran, Inna ta ce sai dai ta ji guɗa daga nesa ta tashi da sauri ta kwance igiya.